Tsibirai Tara, Ƙungiya Ɗaya: Yadda Ƙwallon Ƙafa Ta Girma a Kabo Verde

Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa jin sunan Kabo Verde ba sai a watan Janairun 2013, ranar da aka buɗe gasar cin kofin nahiyar Afirka a birnin Johannesburg. Mai masaukin baƙi, Afirka ta Kudu, ta fito fili da wata ƙasa da masu sharhin rediyo ke kira Cape Verde, aka shafe minti 90 babu wanda ya zura wa wani, aka tashi canjaras. Hankalinmu a shekarar yana kan Najeriya ta Stephen Keshi, wadda daga ƙarshe ta ɗauki kofin, da kuma Mena ta Nijar, saboda haka muka ɗauka baƙi ne da suka zo cika lissafi. Bayan shekara 12, ranar 13 ga Oktoban 2025, waɗannan baƙi suka sami gurbin zuwa gasar cin kofin duniya ta 2026, suka bar Kamaru a baya da tazarar maki 4. Wata guda bayan haka Najeriya ta faɗi a hannun Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a bugun fenariti a birnin Rabat, ta zauna a gida.

Mutanen Kabo Verde gaba ɗaya kusan rabin miliyan ne, ba su kai yawan mazauna wasu ƙananan hukumomin birnin Kano ba. Idan ƙasa irin wannan ta kayar da babba, abin da ya fi mana sauƙi a gidajen kallo shi ne mu ce sa'a ce. Amma ruwa ba ya tsami banza. Ƙwallon wannan ƙasa ta haura shekara 100, kuma tarihinta ya ƙunshi tambayoyi biyu da suka cancanci mu zauna mu duba: ta yaya ake shirya gasa a ƙasar da teku ya yanka gida tara, kuma wane ne ɗan ƙasa a ƙasar da waɗanda suka fita suka fi waɗanda suka rage yawa?

Ƙasa a tsakiyar teku

Tsibiran guda 10 ne, suna cikin Tekun Atlantika, kimanin kilomita 570 yamma da gaɓar Senegal. Mutane na zaune a guda 9. Faɗin ƙasar duka bai wuce murabba'in kilomita 4,000 da 'yan kai ba. Lokacin da matuƙan jiragen Fotugal suka iso wajen 1460 ba su tarar da kowa ba. A 1462 suka kafa garin Ribeira Grande a tsibirin Santiago, wanda ya zama zangon cinikin bayin da ake kwasowa daga gaɓar Afirka ta Yamma. Daga cuɗanyar waɗannan bayi da Turawan Fotugal al'ummar ƙasar ta samu, da harshenta Kiriyol, wanda shi kowa ke yi a gida da kasuwa, duk da cewa Fotugisanci ne harshen ofis da makaranta.

Duk wanda ya san Sahel zai gane yanayin ƙasar nan da nan, domin layi ɗaya suke da mu ta fuskar ruwan sama: damina gajera, wani lokaci ma ba ta zuwa. Bambancin shi ne manomin da fari ya kora a ƙasar Hausa yana iya yin kudu da ƙafa, shi kuwa na tsibiri teku ne gabansa da bayansa. Yunwar da aka yi a farkon shekarun 1940, da wadda ta biyo baya a 1947 zuwa 1948, sun kashe dubban mutane. Waɗanda suka sami hanya suka fita. Wasu tun a ƙarni na 19 suka bi jiragen masu farautar manyan kifayen teku zuwa arewa maso gabashin Amurka, wasu aka ɗebe su aikin ƙwadago a gonakin koko na São Tomé, wasu suka nufi Dakar, daga baya kuma Lisbon da Rotterdam da Faris. Wannan fita ita ce za ta zama babbar matsalar ƙwallon ƙasar, daga baya kuma babban makaminta.

Kwal da waya

Ƙwallon ta shigo ne ta tsibirin São Vicente, kuma Ingilishi ne suka kawo ta, duk da cewa mulkin na Fotugal ne. Dalili shi ne garin Mindelo yana da mashigin ruwa mai zurfi, Porto Grande, daidai kan hanyar jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Turai da Kudancin Amurka da kudancin Afirka. Jiragen wancan zamani da kwal suke tafiya, kuma dole su tsaya su ƙara. Daga tsakiyar ƙarni na 19 kamfanonin Birtaniya suka kafa rumbunan kwal a can, sannan a 1874 aka jawo wayar tangarahu ta ƙarƙashin teku ta biyo ta Mindelo zuwa Brazil, abin da ya ƙara kawo ma'aikatan Ingila garin.

Waɗannan ma'aikata sun zo da wasanninsu: kurket, golf, tanis da ƙwallon ƙafa. Leburorin da ke ɗaukar kwal da yaran unguwa suka tsaya suna kallo, daga kallo suka fara kwaikwayo. Mun san irin wannan labari a gida, domin a Najeriya ma ta hannun ma'aikatan tashar jiragen ruwa da na jirgin ƙasa da makarantun mishan ƙwallo ta bazu. Daga cikin wasannin nan huɗu, ƙwallon ƙafa ce ta fi dacewa da talaka, tunda ba ta buƙatar komai sai fili da abin bugawa.

A 1919 aka kafa ƙungiyar Mindelense, aka yi mata rajista a hukumance a 1922. Ita ce mafi daɗewa a ƙasar, kuma har yau ita ta fi kowa yawan kofuna. Sannu a hankali wasu ƙungiyoyi suka ɓullo a Mindelo da Praia, babban birni. Sunayensu kaɗai sun isa su nuna inda zukata suke kallo a lokacin: Sporting, Académica, Boavista, duk sunayen ƙungiyoyin Fotugal ne. Har gobe, mai son ƙwallo a Kabo Verde yana da ƙungiyarsa ta unguwa, sannan yana da tasa ta Lisbon ko Porto, kamar yadda matashi a Zariya ko Damagaram ke da tasa ta Ingila ko Sifaniya.

Gasar da ta tsaya a tsibiri biyu

Sai a 1953 aka fara gasar da ake kira ta ƙasa baki ɗaya, kuma Académica ta Mindelo ce ta fara ɗaukar kofin. Sunan ne kawai na ƙasa baki ɗaya. A aikace zakaran São Vicente ne ke karawa da zakaran Santiago, sauran tsibirai bakwai ba sa ciki. Haka aka tafi har 1974.

Tunda a dokar Fotugal tsibiran lardi ne na ƙasar, zakaransu kan sami damar shiga gasar cin kofin ƙalubale ta Fotugal. A 1971 Mindelense ta je Lisbon ta haɗu da Sporting, aka zura mata ƙwallo 21 ba ko ɗaya. Wannan sakamako ya nuna ratar da ke tsakanin 'yan wasan da aka ɗauka aiki ana biyansu albashi, da ma'aikatan tashar ruwa da ke atisaye bayan an tashi aiki a filin tsakuwa. Ya kuma nuna yadda tsarin mulkin mallaka yake: duk yaron da ya yi fice a tsibiri, hanyarsa ɗaya ce, jirgi zuwa Lisbon, kuma idan ya kai matsayin buga wa ƙasa, rigar Fotugal zai sa.

'Yanci da ginin hukuma

Kabo Verde ta sami 'yancin kai ranar 5 ga Yulin 1975, ƙarƙashin jam'iyyar PAIGC da Amílcar Cabral ya kafa domin 'yantar da ita tare da Gini Bisau. Shi Cabral, wanda ya yi karatun sakandare a Mindelo, bai ga ranar ba, an kashe shi a Konakiri a Janairun 1973. Shekara guda bayan 'yanci, a 1976, aka fara sabuwar gasar ƙasa, Mindelense ta ɗauka. Daga nan aka fara shigo da sauran tsibiran, kuma a 1980 ƙungiyar Botafogo ta tsibirin Fogo ta zama zakara, karo na farko da kofin ya fita daga hannun manyan tsibiran biyu.

An kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a 1982, ta shiga FIFA a 1986. Tsarin da suka gina ya bi yanayin ƙasarsu. Ba zai yiwu ƙungiyar da 'yan wasanta malaman makaranta ne da masunta da direbobi ta riƙa hawa jirgi kowane mako ba, balle tsibirai kamar Brava da Santo Antão da ba su da filin jirgin sama mai aiki, sai dai jirgin ruwa idan teku ya kwanta. Saboda haka kowane tsibiri ke yin gasarsa a gida. Santiago da Santo Antão an raba kowannensu gida biyu, kudu da arewa, shi ya sa gasannin yanki suka zama 11. Idan an gama, zakarun su haɗu a yi gasar ƙasa cikin 'yan makonni. Amfanin wannan tsari shi ne yaro a ƙaramin tsibiri kamar Maio yana da gasa mai jadawali da alƙalin wasa da rajista, kuma idan ƙungiyarsa ta yi nasara za a gan shi a Praia ko Mindelo.

Matsala ta biyu ita ce fili. Ƙasar da ruwan sha ma sai an tace na teku ba za ta iya shayar da ciyawa ba. Shekaru da yawa a kan ƙasa da tsakuwa ake wasa. Daga shekarun 2000, da kuɗin tallafin FIFA da na ƙananan hukumomi, aka riƙa shimfiɗa ciyawar roba a filayen tsibirai. Wannan ya canja irin wasan da yara ke koya, domin a fili mai laushi ana iya ajiye ƙwallo a ƙasa a yi ta miƙa wa juna. A 2014 aka buɗe babban filin wasa na ƙasa a wajen Praia, wanda ƙasar Sin ta gina, mai ɗaukar mutum kimanin 15,000. Kafin nan a ƙaramin filin Várzea da ke cikin gari ake karɓar baƙi.

Ita kuwa ƙungiyar ƙasa, shekarunta na farko a gasar yanki ta yi su, wato gasar kofin Amílcar Cabral, inda take haɗuwa da maƙwabta irin su Senegal, Gini, Mali, Gambiya da Muritaniya. A shekarar 2000 ta karɓi baƙuncin gasar a Praia, ta doke Senegal da ci 1 da nema a wasan ƙarshe, kofinta na farko ke nan. A wannan shekara ce kuma ta fara shiga wasannin neman gurbin gasar duniya, inda ta yi canjaras da Aljeriya a gida, ta sha kashi da ci 2 da nema a waje. Matsayinta a jerin FIFA a lokacin shi ne na 182.

'Ya'yan da suka tafi

Duk tsawon wannan lokaci, 'yan asalin Kabo Verde suna taka leda a manyan filayen duniya, sai dai da rigunan wasu. Oceano, haifaffen São Vicente, ya zama kyaftin ɗin Sporting ya kuma buga wa Fotugal wasanni da dama. Rolando da Gelson Martins su ma a tsibiran aka haife su, Fotugal suka buga wa. Nani na Manchester United iyayensa 'yan can ne. Henrik Larsson na Suwidin mahaifinsa ɗan Kabo Verde ne. A gasar duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, ƙwallon da Suwizalan ta doke Sifaniya da ita, Gelson Fernandes ne ya ci ta, kuma a Praia aka haife shi.

Babu wanda zai zarge su. Ƙungiyar da ba ta zuwa ko'ina ba ta da abin da za ta jawo ɗan wasa da shi. Abu biyu ne suka juya lamarin. Na farko dokokin FIFA: daga 2004 aka yarda ɗan wasan da ya buga wa ƙungiyar matasan wata ƙasa ya sauya sheƙa kafin ya cika shekara 21, a 2009 aka cire sharaɗin shekarun, a 2020 kuma aka ƙara sassauta wa wanda ya buga wa babbar ƙungiya wasanni kaɗan yana ƙarami. Na biyu shi ne hukumar ƙasar, wadda Mário Semedo ya daɗe yana jagoranta, ta mayar da neman 'ya'yan ƙetare aiki na dindindin, ana bin sawunsu a ƙananan ƙungiyoyin Fotugal da Holan da Faransa.

A nan ya kamata mu lura da wani abu. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kabo Verde ba ta ɗauki wannan magana ba, kuma ba a ƙwallo ta fara ba. Mazauna ƙetare suna kaɗa ƙuri'a, suna da kujeru 6 cikin 72 a majalisar dokoki, kuɗin da suke aikowa na riƙe da gidaje da yawa, har ana kiransu tsibiri na 11. Saboda haka idan aka kira yaron da aka haifa a Rotterdam, ana kiran wanda kakarsa ke yi masa Kiriyol ne, wanda ya tashi yana cin kacupa, abincin masara da wake da ake dafawa a kowane gida na 'yan ƙasar.

Labarin Roberto Lopes, wanda ake kira Pico, ya nuna yadda neman ya kai. A Dublin aka haife shi, uwa 'yar Ayilan, uba ɗan Kabo Verde, yana tsaron baya a ƙungiyar Shamrock Rovers. Kocin ƙasar na lokacin, Rui Águas, ya aika masa saƙo ta LinkedIn da Fotugisanci. Pico bai iya harshen ba, ya ɗauka saƙon 'yan talla ne, ya share. Sai bayan watanni da aka sake tuntuɓarsa da Turanci ya koma ya fassara na farkon. A 2019 ya fara buga wa ƙasar, ya zama ginshiƙin bayanta.

Raina kama ka ga gayya

Alamar farko ta fito a Mayun 2010, lokacin da Fotugal, da Cristiano Ronaldo a ciki, ta gayyaci Kabo Verde wasan sada zumunta kafin gasar duniya, aka tashi babu ci. Kocin da ya karɓi ƙungiyar a wannan shekara, Lúcio Antunes, aikinsa na asali ba da umarni ga jiragen sama ne a hasumiyar filin jirgi na tsibirin Sal, hutu ya ɗauka ya zo horarwa.

A 2012 ƙuri'a ta haɗa su da Kamaru, mai kofin Afirka huɗu a lokacin, a zagayen ƙarshe na neman gurbi. A Praia suka ci 2 da nema. Kamaru ta lallaso Samuel Eto'o ya dawo domin wasa na biyu, ta ci 2 da 1 a Yawunde, amma jimilla ta zama 3 da 2, Kabo Verde ta wuce. A Afirka ta Kudu, bayan canjaras da mai masaukin baƙi, suka yi 1 da 1 da Maroko, suka doke Angola da ci 2 da 1, suka kai zagayen ƙungiyoyi takwas. A nan Gana ta fitar da su da ƙwallaye biyu na Mubarak Wakaso. Daga lokacin aka san laƙabinsu, Tubarões Azuis, wato shuɗɗan kifayen shak, launin tutar da ƙasar ta ɗauka a 1992 mai taurari 10.

Watanni kaɗan bayan haka suka koyi darasi mai ɗaci, kuma a ofis suka koye shi. A Satumban 2013 suka je Tunisiya suka ci 2 da nema, suka hau saman rukuninsu na neman gurbin gasar duniya ta 2014, saura zagaye ɗaya. Amma a cikin waɗanda suka buga akwai ɗan wasan baya Fernando Varela, wanda aka ba jan kati a wasansu da Ikwatoriyal Gini aka dakatar da shi wasa huɗu. Shi wancan wasan FIFA ta riga ta soke sakamakonsa saboda Ikwatoriyal Gini ta sa ɗan wasan da bai cancanta ba, sai jami'an Kabo Verde suka ɗauka hukuncin Varela ma ya faɗi tare da wasan. FIFA ta ce bai faɗi ba. Aka ba Tunisiya nasara da ci 3 da nema, aka fitar da Kabo Verde. Abin da 'yan wasa suka gina cikin shekara biyu, rashin tabbatar da takarda ɗaya ya rushe shi cikin kwana biyar.

Duk da haka a Fabrairun 2014 sun hau matsayi na 27 a duniya. A gasar Afirka ta 2015 sun yi canjaras uku, ba a doke su ba amma aka fitar da su a rukuni. A Maris na shekarar suka doke Fotugal da ci 2 da nema a Estoril, ko da yake Fotugal ba ta fito da manyan 'yan wasanta ba. Sai kuma abubuwa suka ja baya. Rui Águas ya ajiye aiki a farkon 2016 yana ƙorafin rashin biyan albashi, kuma ƙasar ba ta je gasar Afirka ta 2017 da ta 2019 ba.

Zamanin Bubista

A Janairun 2020 hukumar ta damƙa ƙungiyar ga ɗan gida, Pedro Leitão Brito. Kowa Bubista yake kiransa, wato yadda ake faɗin sunan tsibirinsu, Boa Vista, da Kiriyol. Tsohon ɗan wasan baya ne kuma tsohon kyaftin na ƙasar, ya horar da ƙungiyoyin cikin gida irin su Mindelense, ya kuma yi mataimakin koci a ƙungiyar ƙasa. Ya tarar da ɗakin da wani Fotugisanci yake ji, wani Faransanci, wani Holanci, wani Turanci, sai ya tsaya a kan cewa Kiriyol ne harshen sansani.

Mu a Najeriya mun ɗanɗana ƙarfinsu a 2021, a wasannin neman gurbin gasar Katar. Super Eagles ta ci 2 da 1 a Mindelo, kuma ƙwallon nasarar ɗan Kabo Verde ne ya ci gida. A wasan ƙarshe a Legas, Victor Osimhen ya ci a minti na farko, Stopira ya farke bayan 'yan mintoci, aka tashi 1 da 1. Da baƙin sun ƙara ɗaya, da su za su wuce.

A gasar Afirka da aka yi a Kamaru a farkon 2022 sun kai zagaye na biyu, Senegal ta fitar da su bayan an kori 'yan wasansu biyu. A ta Kwaddibuwa, farkon 2024, sun doke Gana da ci 2 da 1, sun lallasa Mozambik 3 da nema, sun yi 2 da 2 da Masar, sun fitar da Muritaniya. A zagayen ƙungiyoyi takwas suka yi minti 120 da Afirka ta Kudu babu ci, sai mai tsaron raga Ronwen Williams ya tare musu fenariti huɗu. Bayan wannan sai ga faɗuwa: suka ƙare a ƙarshen rukuninsu na neman gurbin gasar Afirka ta 2025, a Yunin 2024 kuma Kamaru ta zura musu 4 da 1 a Yawunde. A wurare da yawa da muka sani, nan take za a sallami koci. Hukumar ta bar Bubista a kan aikinsa.

Ranar 9 ga Satumban 2025, Dailon Livramento, haifaffen Rotterdam, ya ƙwace ƙwallo a tsakiyar fili ya ruga da ita shi kaɗai ya zura wa Kamaru, aka tashi 1 da nema a Praia. A Libiya ana cinsu 3 da 1 suka farke aka tashi 3 da 3. Ranar wasan ƙarshe da Eswatini gwamnati ta sallami ma'aikata da rana domin su je kallo. An tafi hutun rabin lokaci babu ci, da aka dawo Livramento ya buɗe, Willy Semedo ya ƙara, sai Stopira, haifaffen Praia mai shekara 37, ya rufe da ta uku. Maki 23 suka tara, Kamaru 19. Shekarar ce kuma ƙasar ta cika 50 da samun 'yanci. A ƙarshen watan nan ƙungiyar mata ita ma ta fitar da Mali ta sami gurbin gasar Afirka karo na farko, a Nuwamba kuma hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓi Bubista gwarzon koci na shekara.

Abin da ya rage

Gaskiya ce cewa faɗaɗa gasar duniya zuwa ƙasashe 48, wanda ya ba Afirka gurbi 9 kai tsaye, ya buɗe ƙofa. Amma Kabo Verde ba ta raɓa ta gefe ba, ta ɗaya ta zo a rukunin da Kamaru da Angola da Libiya ke ciki. Gaskiya ce kuma cewa yawancin 'yan wasan a ƙetare aka haife su ko aka horar da su, kuma dukkansu a ƙetare suke cin abinci da ƙwallo. Wannan shi ne inda gizo ke saƙa. Gasar cikin gida har yanzu ta masu wata sana'ar ce, kuma zakarun ƙasar ba kasafai suke shiga gasannin ƙungiyoyin Afirka ba saboda tsadar tafiya. Kyaftin Ryan Mendes da mai tsaron raga Vozinha, dukansu 'yan Mindelo, sun fito ne daga ƙungiyoyin garin kafin su ƙetare, amma su da Stopira shekaru sun ja. Idan filayen Mindelo da Praia ba su fitar da magadansu ba, ƙasar za ta dogara kacokan ga makarantun ƙwallo na Holan da Fotugal da Faransa, waɗanda ke riƙe mafi kyawun yaran wa kansu. Kuma jikan ɗan ci-rani ba lallai ne ya ji Kiriyol kamar ɗansa ba.

Mu da ke da mutane ninkin-ba-ninkin nasu, abin da za mu ɗauka daga tarihin nan a bayyane yake cikin abubuwan da suka yi: gasa mai jadawali a kowane lungu ko da ƙarama ce, koci ɗan gida da aka bari ya yi shekara biyar har da lokacin faɗuwa, ofis da ya koyi karanta doka bayan ta ƙone shi sau ɗaya, da ƙasa da ba ta yanke zumunci da 'ya'yanta na nesa ba tun kafin ta buƙaci ƙafafunsu.

Ƙuri'ar da aka jefa a Disambar 2025 ta sa Kabo Verde rukuni ɗaya da Sifaniya da Yurugwai da Saudiyya. FIFA ta kuma sanar cewa duk ƙasar da ta sami gurbi za ta karɓi sama da dala miliyan 10, kuɗin da hukumar tsibiran ba ta taɓa riƙe irinsa a lokaci guda ba. Ko wannan kuɗi zai isa filayen Brava da Maio da São Nicolau, ya biya masu horar da yara da kuɗin jirgin ƙungiyoyi, shi ne zai nuna ko 2025 mafari ce ko kuwa ƙololuwa.